Esfiyon a Gidan Alhaji Mudathir

Ranar wata Laraba da la'asar sakaliya kwamfutar Alhaji Mudathir ta fara kuka. Na'ima na bakin murhu tana juya awara a cikin mai ta jiyo ƙarar daga falo, wit, wit, wit, babu tsayawa. Ta ajiye matsami, ta goge hannu a zane, ta nufi can da sauri, don wayarta ce a jone da na'urar. Wuta a unguwarsu sai an yi sa'a, kwamfutar kuwa tana riƙe caji, shi ya sa take laƙa 'yar wayarta a gefenta kullum da rana. Alhaji da kansa ya nuna mata ramin da ake sa igiyar, tun watan da ta fita takabar ƙaninsa Zubair.

Ta tarar da shi tsaye a kan tebur ya dafe ƙugu. Fuskar kwamfutar ta yi jawur, wasu manyan baƙaƙe na bayyana suna ɓacewa, ga lamba bakwai a tsakiya tana ƙiftawa.

"Yaya, lahiya?" ta tambaya daga bakin ƙofa.

Ya ci gaba da kallon fuskar kwamfutar. Alhaji Mudathir dillalin fito ne a kan iyaka, kuma babban abin alfaharinsa a duniya shi ne babu takardar da ta taɓa rikita shi, ta kwastan ɗin wannan ɓangare ko ta duwan ɗin wancan. Faransancinsa bai wuce gaisuwa da lambobi ba, amma wannan ba maganar da ake yi a gabansa ba ce. Tun lokacin da aka toshe layukan waya a Jibiya ya koma layin Nijar, ya ji daɗinsa bai dawo ba, don haka duk abin da zai faɗo masa a kwamfuta da Faransanci yake zuwa. Ya leƙa zaure ya kira Ɗantala, direban kamyon, babbar motar da ke ɗauko masa kaya daga Maraɗi, wanda ya yi lakwal, makarantar bokon Nijar, har aji biyar kuma bai taɓa bari a manta da hakan ba.

Ɗantala ya sunkuya, ya bi baƙaƙen da yatsa yana motsa leɓe.

"Esfiyon," ya ce. "Ta ce ta ga esfiyon guda bakwai a ciki."

"Mi ke nan?"

"Mai leƙen asiri, Alhaji. Wanda ka ɗaukar maganar cikin gida shi kai waje. Ku nan mi kuke ce mashi ma..." Ya ɗaga kai yana neman kalmar, ya samo ta. "Infoma."

Hajiya Salmatu, matar Alhaji, ta shigo ke nan da kofin ruwa. Ta tsaya cak. A wani garin wataƙila a yi dariya a wuce, amma a Jibiya ba a wasa da wannan kalma. Infoma shi ne wanda ke zaune cikin mutane yana gaya wa 'yan bindiga wa ya sayar da shanu, wa ya dawo da kuɗi, wane gida ne ƙyaurensa ba shi da ƙwari. Wanda aka liƙa wa sunan ba kasafai ake jiran a kai shi gaban alƙali ba.

"Ta ina sunka shigo?" in ji Alhaji.

Ɗantala ya sake sunkuyawa. Layin ƙasa ya fi ƙarfin aji biyar, amma ya gane kalma ɗaya a ciki mai nufin na'ura, ya cike sauran daga kansa. "Ta ce ta wata na'ura da anka jona."

Idanu shida suka bi baƙar igiyar nan daga gefen kwamfuta zuwa kan tebur, inda wayar Na'ima ke kwance tana shan caji abinta. Awara kuwa tana can tana ƙonewa, har warin ya iso falo.

Jan allon ya yi alkawarin wanke esfiyon ɗin duka in aka biya. Alhaji ya zaro katin banki ya shigar da lambobinsa, gaba da baya, Ɗantala na nuna masa gurabe. Wani koren layi ya yi ta tafiya har ya cika, kukan ya tsaya. Alhaji ya cire igiyar, ya miƙa wa Hajiya wayar ba tare da ya dubi mai ita ba.

"Ajiye wagga tukuna," ya ce. "Ba wai ana zargin kowa ba."

Na'ima ta koma bakin murhu ta kwashe baƙar awara. Ta so ta yi magana, amma me za ta ce? Ta tashi ne a ruga can bayan Bugaje, inda aka koya mata cewa mace mai kunya ba ta musu da yayan miji. Ta yi shiru, ta ɗauka gobe za a mayar mata da wayarta a ba ta haƙuri. Hajiya kuwa ta lura da shirun nan, ta adana shi.

Washegari da hantsi Hajiya ta same ta tana tace waken suya. Ta zauna a kan turmi, ta fara da tambayar lafiyar mutanen Bugaje, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ni dai abu guda ka ba ni mamaki," ta ce. "Duk sadda kika ɗauki waya sai ki zagaya bayan madafa, kuma sai da Fillanci. Mi ya hana Hausa?"

"Da innata nake magana, Hajiya. Hausarta ba ta da ƙarfi."

"Innarki ce mai muryar maza? Ran nan na ji."

"Yayana ne ke kira ya miƙa mata. Ita ba ta da waya."

"To," in ji Hajiya, ta miƙe tana kaɗe zane. "Ni ban ce komi ba."

Wannan "ban ce komi ba" ita ce waƙar gidan a kwanakin da suka biyo baya. Babu wanda ya ce komai, amma in Na'ima ta shigo falo sai Alhaji ya katse wayar da yake yi. Babu wanda ya ce komai, amma aka canza kwaɗon ɗakin ajiya. In ta fita ɗebo ruwa, Hajiya na tsaye a soro tana duban da wa ta gaisa.

Ranar Asabar kwamfutar ta sake kuka. Wannan karon goma sha biyu ta nuna. Da Na'ima ta ji, sai wani sanyi ya ratsa ta, don wayarta kwana uku ke nan tana kulle a durowar Hajiya, a kashe. Ta yi zaton ko makaho ya ga gaskiya yanzu. Har ta yi ƙarfin halin faɗa, a hankali, kanta a ƙasa.

"Yaya, ai wayar tawa ba ta jone."

"Wanda ya buɗe ƙofa ba dole ba ne shi tsaya a bakinta," in ji Alhaji. "Sun riga sun shigo."

Ya sake biya. Da ta yi kuka na uku, sai ta fito da lambar waya, wai a kira masana. Wani mutum mai taushin murya ya ɗauka, ya yi ta kiran Alhaji da girmamawa, Ɗantala na fassara yana ƙara gishiri. Mutumin ya ce lamarin babba ne, amma an zo wurin da ya dace. Za a turo wasu lambobi shida a wayar Alhaji, ya karanto su kawai. Alhaji ya karanto. Kafin magariba saƙon banki ya shigo, an share asusun tas, har da kuɗin wasu mutanen Katsina da suka ba shi amanar fito da kayansu.

Na'ima ta ji tausayinsa ranar, wannan gaskiya ne. Ta gan shi zaune a kan tabarma hula a gefe, ya tsufa a yini ɗaya. Ta dama masa fura ta ba 'yarta Mufida ta kai masa. Furar ta dawo ba a taɓa ba, da saƙon Hajiya cewa daga yau ita za ta riƙa haɗa wa Alhaji duk abin da zai ci. Daga ɗakinta Na'ima ta jiyo shi yana tambayar da ta fi kowace muni.

"Wa ya san kuɗin nan sun shigo makon ga? Ni, da ke, da wanda ke cikin gidan ga yana saurare."

Maganar ba ta kwana biyu a gida ba. Ɗantala ya kai ta tasha, inda ya ba da labarin yadda shi kaɗai ya iya karanta jan rubutun. Hajiya ta gaya wa maƙwabciyarta guda ɗaya tak, a sirrance, ta kuma roƙe ta kada ta gaya wa kowa, ita ma maƙwabciyar haka ta roƙi waɗanda ta gaya wa. Kafin Talata labarin ya yi ƙiba. Ba a ƙara cewa kwamfuta ta nuna lamba bakwai ba, cewa ake na'urar Alhaji ta kama infoma da sunanta da hotonta.

Na'ima ta fara gane hakan ne daga tiren awara. Da, kafin azahar ya ƙare. Yanzu sai ta zauna har la'asar ƙudaje na zagayawa, yaran da ke rububi a ƙofarta su wuce ta gefen bango suna leƙenta. A Islamiyyar matan aure ta zauna a inda ta saba zama, sai ta ga tabarma ta yi faɗi, ta dama ta matsa, ta hagu ta tuna tana da magana da wata a baya. Malama ta yi karatun ranar a kan cin amana, ba ta dubi kowa ba. Na'ima ta dawo gida tana jin kamar an tuɓe mata mayafi a tsakiyar kasuwa.

Abin da ya karya ta shi ne na Mufida. Yarinyar shekararta shida, ita kaɗai Zubair ya bari. Da yammacin nan Hajiya ta shigo ɗakin ta naɗe 'yar katifarta ta tattara kayan makarantarta.

"Za ta riƙa kwana wajena," ta ce. "Yara na da kwashe-kwashe, kada ta ji abin da bai kamata ba."

"Hajiya, mi za ta ji a ɗakin uwarta?"

"Ke kika sani. Ɗiyarmu ce, jinin gidan ga ce. Ba mu yi maki laihi ba don mun kula da namu."

Mufida ta bi ta tana waiwaye, rungume da takalmanta. Na'ima ta zauna a bakin gado ta yi kuka mara sauti, irin wanda ke sa ƙirji ciwo. Tsoro take ji, ba na kanta kawai ba. Ta san in sunan nan ya zauna mata, ba za a sake barin yarinyar ta kwana kusa da ita ba har abada.

Ranar Laraba, mako guda cif, mutum biyu daga cikin 'yan sa-kai suka yi sallama a zaure bayan azahar. Bangon ɗakin Na'ima shi ne bangon zauren, ta ji komai. An gaisa, an tambayi iyali, an jajanta asara. Sannan babban cikinsu ya ce sun ji akwai wata baƙuwa a gidan da ake magana a kanta. Baƙuwa, wai. Shekararta takwas a gidan nan, a nan ta haihu, a nan ta yi takaba. Ta riƙe numfashi tana jiran Alhaji ya ce matar ƙanina ce, ku bar wannan magana.

"Muna bincike," in ji Alhaji.

"To, Alhaji, mun ba ka girmanka. Juma'a bayan an sauko za mu dawo mu ji inda binciken ya tsaya."

Da suka tafi, Alhaji ya fita kan iyaka, Hajiya ta shiga wanka. Na'ima ta ɗauki takardar da take naɗe awara da guntun fensirin Mufida, ta shiga falo a karo na farko cikin kwanaki. Kwamfutar na buɗe, jan allon na nan, yanzu ya kai goma sha tara. Karatunta na boko aji huɗu ne, ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma ta san baƙaƙe. Ta kwafe su ɗaya bayan ɗaya, har da 'yar alamar garkuwa da ke sama. Ta cusa takardar a ƙugu, ta ɗauki bokiti kamar mai zuwa famfo, ta miƙe sai bakin tasha.

Akwai wani mai gyaran waya da kwamfuta a can, Abdulfatah, mutumin Daddara, shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ta jira har mutane suka ragu, ta gaishe shi, ta miƙa masa takardar mai maiƙo. Ya karanta, ya fara dariya.

"Baiwar Allah, wa ya faɗa hannun waɗannan kuma? Wannan ai ƙarya ce tsagwaronta. Ba maganin komi ba ne, shi ne ma ciwon."

"Ba ya ganin masu leƙen asiri?"

"Ba ya ganin komi. Hoto ne anka zana. Duba nan." Ya jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur ya kunna. Ga jan allon nan, ga garkuwar, ga lamba bakwai tana ƙiftawa. "Ta wani malamin makaranta ce daga Farfaru. Ita ce ta uku da anka kawo mani watan ga. Kowa da bakwai yake farawa. Ko dutse kika jona, bakwai zai ce. Tsoratar da mutum suke shi ba da lambar katinshi. Kuma esfiyon ɗin da suke nufi ba mutum ba ne, wani ɗan abu ne da ka shiga cikin na'ura."

"Ba infoma ba?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dube ta sosai, ya dubi bokitin da babu ruwa, ya gane ko wace ce, don shi ma labarin ya iso shagonsa. Ya yi salati a hankali. Ya ce gobe da safe zai zo gidan da kansa, kamar ya ji labari ne ya zo taimako.

Na'ima ta koma gida da ƙafafu marasa nauyi. Har ta tsaya a famfo ta cika bokitin.

Abdulfatah ya cika alkawari. Alhaji ya karɓe shi a falo da fuska a ɗaure, Hajiya ta tafi kai Mufida makaranta, Na'ima ta rakuɓe a bakin ƙofa, babu wanda ya ce ta shigo, babu wanda ya kore ta. Mai gyaran ya yi ta danne-danne kusan rabin awa, sannan ya juyo da fuskar kwamfutar.

"Alhaji, ga ranar da abin ya shiga, ga lokacin. Lahadi ce, da yamma. Daga wani shafi da ake kallon kokawar Nijar kyauta. Wani akwati ya fito ya ce a danna a ga wasan da kyau, anka danna. Ya kwanta kwana uku sannan ya fara kuka. Wayar baiwar Allah ga ba ta da intanet ma, ba abin da za ta iya sawa a ciki."

Duk gidan an san wa ke kallon kokawa. An san wa ya rufe falo ranar Lahadin nan ya hana yara motsi saboda karon ƙarshe. Na'ima ta ga wuyan Alhaji ya kumbura, ta ga ya gane, ganewa irin wadda babu sauran shakka a cikinta. Ta yi hamdala a zuci.

"Kuɗin fa?" ya tambaya.

"Wanda ka karanta wa lambobi shida, shi ya kwashe su. Sai dai ka je banki su rufe katin."

"Wanke ta."

Abdulfatah ya wanke ta. Jan allon ya tafi, fuskar ta koma shuɗiya, shiru kamar ba ta taɓa kuka ba. Alhaji ya sallame shi da abin da ya fi ladan aikin, ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Abin da ka gani nan, shi tsaya nan."

"Amma Alhaji, baiwar Allah ga, mutane na cewa..."

"Maganar gida ce. Kai kuma yaro ne mai shago ɗaya a bakin tasha. In anka ji kana yawo kana wanke wadda ake zargi, ka san tambayar da za a fara yi a kanka."

Abdulfatah ya sunkuyar da kai. Da zai fita ya ratsa ta gaban Na'ima bai iya dubanta ba. Ba ta ji haushinsa ba, ta san abin da ake yi wa abokin infoma.

Ta shiga ta durƙusa a gaban yayan mijinta. Kunyar da aka koya mata a ruga ta ajiye ta gefe, don ba ta ga ranar da za ta yi mata ba.

"Yaya, kalma guda nake roƙo. Gobe in an sauko Juma'a ka tsaya ƙofar masallaci ka ce ba ni ba ce. Ba sai ka ce kai ne ba."

"In na ce ba ke ba ce, za su ce to wane ne. In ce mi? In ce ni Mudathir, da mutane ka ba amanar kayan miliyoyi saboda ba a yi mani wayo, wani da ban taɓa gani ba ya zambace ni sau uku da hoton zane? Wa zai sake ba ni takardarshi a kan iyaka? Mutanen Katsina sun yi mani haƙuri ne don sun ɗauka cin amana anka yi mani daga cikin gida. In sun ji wauta ce, kotu za su kai ni. Gidan ga da mi zai ci? Ita Mufida da mi za ta yi makaranta?"

"Kashe ni za a yi, Yaya."

"Ba mai taɓa ki. Na yi tunani a kai. Akwai gwaggon Hajiya a Maraɗi, ki je wajenta wata biyu har ƙura ta lafa. Mutane na da mantuwa."

"Da yarinyar?"

"Tana tsakiyar zangon karatu." Ya miƙe ya gyara babbar riga. "Ni ban taɓa cewa ke infoma ce ba, Na'ima. Ki tuna. Ban taɓa faɗa da bakina ba."

Wannan kam gaskiya ne, bai taɓa faɗa ba, kuma da alama yana jin hakan ya wanke shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko zauren ya cika. 'Yan sa-kan nan biyu sun dawo, ga maƙwabta, ga Ɗantala, wanda da safe ya ce shi kamyonsa ba ya ɗaukar irin wannan fasinja. An kira ɗan kabu-kabu yana jira a waje. Alhaji ya sa aka fito da kwamfutar aka ɗora a kan benci, a buɗe, shuɗiya, shiru. Mutane suka yi ta leƙawa.

"Ikon Allah," in ji wani dattijo. "Yaushe ta daina?"

"Tun jiya da anka yanke shawarar tahiyarta," in ji Hajiya daga bayan labule. Ita har ga Allah haka ta yarda, don babu wanda ya gaya mata wani abu daban.

Na'ima ta fito da jakarta ta leda. Dole ta ratsa ta cikinsu. Ta kai tsakiyar zauren ta tsaya. Ba ta taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, yanzun ma ba ta ɗaga ba, amma kowa ya ji.

"Yaya, don girman Allah ka faɗa masu abin da mai gyara ya ce."

Kawuna suka juya wajen Alhaji. Babban ɗan sa-kan ya gyara tsayuwa yana jira. Alhaji ya dubi kwamfutarsa, ya dubi ƙasa, ya murza carbi.

"Mai gyara ya ce an cire su," ya ce. "Allah dai ya kyauta."

"Amin," in ji zauren.

Ta nemi Mufida da ido. Ta hango ƙafafunta kawai a ƙarƙashin labule, kusa da na Hajiya, an riƙe ta. Ɗan kabu-kabu ya tayar da mashin. A shingen kan iyaka wani jami'i ya tambaye ta kwana nawa za ta yi, ta ce wata biyu, yadda aka gaya mata.

Waɗanda suka zana jan allon nan ba su san akwai wani gari Jibiya ba. Ba su taɓa jin sunan Na'ima ba, ba su san abin da kalmarsu za ta koma ba in ta ratsa bakin direba ta faɗo gidan da ake kwana da tsoro. Su lambar kati suke so, sun samu, sun wuce gaba. Su ɓarayi ne, kuma Allah zai tambaye su. Amma ba su ne suka ƙwace waya ba, ba su ne suka naɗe katifar yarinya ba, ba su ne suka san gaskiya ranar Alhamis suka haɗiye ta ranar Juma'a ba. Wannan duk aikin gida ne, kuma an yi shi da sallama da addu'a, babu wanda ya ɗaga murya.

Wata biyun sun zama goma sha ɗaya. Alhaji ya farfaɗo, har an ƙara yarda da shi, don ana cewa mutum ne da bai rufa wa ɓarna asiri ba ko a cikin gidansa. Na'ima na soya awara a wata kwana kusa da inda motocin Jibiya ke sauke fasinja a Maraɗi. Ba don ciniki ta zaɓi wurin ba. Duk matar da ta sauko ta ji Hausarta ta gida ce, sai ta ƙara mata biyu a kan na kuɗinta, sannan ta tambaye ta ko ta san gidan Alhaji Mudathir, ko tana ganin wata yarinya mai wushirya.

Wata mai sayar da atamfa ce ta sani, ba ta kuma gane da wa take magana ba. Ta ce ai jikarta ajinsu ɗaya, yarinyar na nan lafiya, ta yi tsawo, Hajiya na kula da ita tsakani da Allah.

"Sai dai abin tausayi," ta ce tana tsoma awara a yaji. "Yara ba su kiranta da sunanta. Ɗiyar infoma suke ce mata. Da tana kuka, amma yanzu ta saba. In an kira, amsawa take."